Me ke ɓata nama a ƙasar ƙanƙara? Muhawara kan rayuwar Inupiat na Alaska

Auwalu Ɗanbatta:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga iyayenmu masana da ke wannan zaure. An ce mutanen Inupiat da ke ƙuryar arewacin Alaska idan suka kashe ƙatuwar dabbar tekun nan da Turawa ke kira whale, ba mai runtsawa sai an gama fiɗa, wai don kar naman ya lalace. Abin ya ɗaure mini kai. Ƙasa a daskare, teku a daskare, to me zai ɓata nama a irin wannan wuri?

Malam Habibu Gumel:
Wa alaikumus salam, Auwalu. Zafin jikinta ne ke ɓata ta. Sunan dabbar agviq a harshensu. Shayar da ɗanta take yi, jininta mai ɗumi ne kamar na saniya, sama da digiri 30. Abin da ya shiga tsakanin wannan ɗumi da ruwan ƙanƙara shi ne kitsen da ke ƙarƙashin fatarta, wanda kaurinsa kan kusa rabin mita a jikin manya. Bayan ta mutu kitsen yana nan yana aikinsa: sanyin waje ba ya shiga, zafin ciki ba ya fita, ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji su samu sarari. Idan aka yi jinkirin jawo ta, ko ta nutse sai bayan kwanaki ta taso, tsoka da kayan ciki sun tafi ke nan, sai dai a ceci fata da kitse.

Don haka da ta mutu sai kwale-kwalen sauran ƙungiyoyin maharba su taru a ɗaura igiya a wutsiya a ja ta zuwa bakin ƙanƙara. A sassaƙe gefen ƙanƙarar ya yi gangare, a kafa igiya mai kura, mutane da yawa su jeru su ja har ta hau. Sannan masu doguwar wuƙa mai ƙota su tsaga fata da kitse layi-layi, masu ƙugiya su janye. Sai an yaye wannan bargo tukuna sanyi ke isa ga tsoka. Wannan na cikin dalilan da suka sa maharba da yawa suka fi son matashiya mai ƙiba da suke kira ingutuk: namanta ya fi taushi, ta fi sauƙin hawa, kuma nauyinta ba ya karya ƙanƙarar da jama'a ke tsaye a kai.

Auwalu Ɗanbatta:
Ikon Allah. Na gode, Malam. To da wane irin jirgi ake tunkarar dabba haka?

Hajiya Talatu:
Bari in amsa wannan, ɗana, don aikin mata ne. Jirgin sunansa umiaq. Ƙashinsa katako ne da ake ɗaurewa da igiya don ya riƙa lanƙwasa da igiyar ruwa, a lulluɓe shi da fatar ugruk, wata dabbar teku mai gashin baki wadda girmanta da siffarta suka ɗan yi kama da ayu. A garin Utqiagvik jirgi ɗaya na cin fata biyar zuwa bakwai. Ana kama ugruk a watan Yuni da Yuli, a ajiye fatar ta tsima har gashin ya riƙa zamewa da kansa, a kankare. Wajen Fabrairu ko Maris matar shugaban ƙungiya ta tara mata masu ɗinki.

Zaren jijiyar tuttu ne, barewar ƙasarsu. Ana busar da jijiyar, a tsattsage, a kitsa. Ɗinkin layi biyu ne, kuma allura ba ta huda fata gaba da baya a wuri guda: tana shiga rabin kaurin fatar ta fito ta gefen da ta shiga. Saboda haka babu ramin da ya ratsa daga waje zuwa ciki. Jijiya kuma idan ta sha ruwa kumbura take yi ta toshe hanyar allura, abin da zaren roba ba ya yi. Matsalar aikin ita ce fatar dole ta kasance a jiƙe daga farko har ƙarshe, don haka idan aka zauna ba a tashi sai an gama, ko da za a kwana. Idan gefe ɗaya ya bushe kafin a ɗora ta a kan katako, ba za ta miƙe daidai ba, kuma nan ne za ta fara tsagewa. Bayan an ɗaure ta sai a bar jirgin a waje, iska da sanyi su mai da shi fari fat, ya saje da ƙanƙara.

Injiniya Bashir:
Hajiya ta gama magana. Ƙarin da zan yi shi ne dalilin da ya sa har yau ake riƙe da jirgin fata a farautar Afrilu da Mayu, alhali a ta Satumba da Oktoba jirgin alminiyam mai inji ake hawa. A Afrilu tekun bai buɗe ba. Akwai ƙanƙarar da ke manne da gaɓa, tuvaq, sai wata tsaga ta ruwa, uiniq, wadda agviq ke bi zuwa gabas. Maza kan yi makonni suna sare hanya da diga cikin tudun ƙanƙara kafin su isa bakin tsagar. A irin wannan siririn ruwa ƙara kaɗan na korar dabbar, jirgin fata kuwa ba ya ƙara, kuma mutum shida ko bakwai za su iya tura shi ruwa cikin ƙiftawar ido.

Haɗarin da ya fi girma a ƙarƙashin ƙafa yake. Tuvaq na tsaye ne saboda wasu tuddan ƙanƙara da gindinsu ya kafe a ƙasan teku. Inda babu su, canjin iska ko na igiyar ruwa na iya ɓalle fegi guda da sansani a kansa. A Mayun 1997 sai da aka kwaso sama da mutum 140 da jirgi mai saukar ungulu a Utqiagvik saboda haka. Shi ya sa ake sakin igiya mai nauyi cikin ruwa ana duba inda ruwan ke ja, ana kuma sa yaro ya riƙa komawa baya yana duba ko sabuwar tsaga ta fito tsakanin sansani da gari. A can iskar gabas ce ke buɗe tsaga, ta yamma kuma ta turo ƙanƙarar tsakiyar teku ta daki tuvaq. Ruwan sha ma daga ƙanƙara yake, amma ba kowace ba: ana neman piqaluyak, tsohuwar da ta shekara da shekaru gishirinta ya tsiyaye.

Kabiru Sabon Gari:
Ni fa ina da ja. Dabbar da aka ce tana shekara 200 a duniya, ga shi an taɓa kusa ƙarar da ita. Al'ada ba ta isa hujjar ci gaba da kashe ta ba.

Malam Habibu Gumel:
Malam Kabiru, damuwarka tana kan hanya, amma a duba wanda ya yi ɓarnar. Jiragen 'yan kasuwar Amurka ne suka shigo wannan teku daga 1848 suna kashe ta don mai da kuma suqqaq, dogayen faifan bakinta masu kama da ƙaho, har ta kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20. A 1977 hukumar duniya mai kula da farautar ta haramta wa Inupiat tasu, bisa ƙiyasin cewa abin da ya rage bai wuce ɗaruruwa zuwa dubu biyu ba. Dattawan maharba suka ce ƙirgen bai yi ba, domin masu ƙirga na tsaye ne a bakin tsaga suna lissafa abin da ido ya gani, alhali da yawa na wucewa ta ƙarƙashin ƙanƙara, suna fasa ta da kai su sha iska. A shekarar suka kafa hukumarsu ta maharba. Da aka sa na'urar sauraro cikin ruwa, maganar dattawa ta tabbata. Ƙirgen 2011 ya ba da sama da 16,000. Yanzu ƙauyuka 11 ke farautar, kuma abin da ake ƙirga musu shi ne suka, 67 a shekara haɗe da na maharban Chukotka na Rasha: ko dabbar ta kuɓuce bayan an soke ta, an cire ɗaya daga kason.

Maganar tsawon rai kuwa gaskiya ce. A 2007 an tsinci guntun makami na ƙarshen ƙarni na 19 a jikin wadda aka kama.

Kabiru Sabon Gari:
Na karɓi maganar ƙirge. Amma nama tan da yawa, gida nawa zai ci? Ba sayarwa ake yi ba?

Hajiya Talatu:
Ba a sayar da shi, Malam Kabiru. Rabon ma yana da ƙa'ida tun a kan ƙanƙara, kuma kowane gari da tasa. A Utqiagvik ana yanka ɗamara a tsakiyar jiki, tavsi: rabi na 'yan ƙungiyar da ta kama, rabi a dafa. Gaban ɗamarar na ƙungiyoyin da suka taya ja da fiɗa ne. Bayanta zuwa wutsiya, uati, shi ne amanar da umialik, wato mai jirgi, zai adana don bukukuwa. Idan an gama, sai ya ba da izinin pilaniaq, kowa ya zo da wuƙarsa ya yanki abin da ya saura a jikin ƙashi.

Sannan a kafa tutar ƙungiya, mata su kwana suna dafa nama, harshe, zuciya, ƙoda da uunaalik, wato fata da kitse dafaffe, duk gari ya bi layi a gidan umialik. A Yuni a yi Nalukataq: da rana a raba romon dinya da na tuttu, can a raba mikigaq, da yamma a raba daskararren nama da maktak, kowane gida da buhunsa ko akwatinsa. A nan ne ake ɗinke fatar jirgi ta zama shimfiɗa, mutane su kama gefe suna cilla mutum sama. Sauran uati kuma a fito da shi a coci ranar bikin godiya na Nuwamba da Kirsimeti, da yake yawancinsu Kiristoci ne yanzu.

A fahimtarsu ta gado agviq ce ke ba da kanta, kuma tana zaɓar gidan da matarsa ke da kyauta da tsabta. A garin Tikigaq ana mai da ƙoƙon kanta cikin teku. Haka yaro idan ya yi kamun farko, ko tuttu ko natchiq, wata ƙaramar dabbar teku dangin ugruk, kyauta ake yi da shi ga tsofaffi.

Auwalu Ɗanbatta:
Hajiya, mene ne mikigaq da maktak? Kuma da gaske ɗanye ake ci?

Hajiya Talatu:
Maktak baƙar fatar ce haɗe da ɗan kitsen da ke manne da ita. Ana yanka shi ƙanana da ulu, wuƙar mata mai siffar rabin wata, a ci a daskare. Quaq kuwa nama ne ko kifi daskararre, a fere shi siriri a tsoma cikin mai. Mikigaq tsimi ne: a yayyanka tsoka, harshe da maktak, a zuba a mazubi su jiƙa cikin jininsu, a ajiye wuri mai sanyi da duhu, a riƙa juyawa kullum har kwana goma zuwa mako biyu, sai ya yi tsami mai ɗan zaƙi. Rashin juyawa ko ɗumin ɗaki su ne ke ɓata shi.

Man natchiq da na ugruk shi ne man girkinsu da mahaɗinsu. Ba a soya shi. A share kitsen tas daga jini da tsoka, a yanka shi dogo-dogo, a rufe da ƙyalle, a bar shi ya narke da kansa ana motsawa. Guntun nama ɗaya da aka bari a jiki ya isa ya ɓata mazubi guda, rana kuma na sa shi ya yi ja da ɗaci. Cikin wannan mai ake adana busasshen nama, paniqtaq, da ganyen wani tsiro da suke kira sura, da saiwar wani da suke kira masu. Akwai kuma akutuq: a narka kitsen tuttu, a buga shi da hannu ana ɗiga mai har ya yi fari ya tashi, a zuba 'ya'yan itacen aqpik ko dafaffen nama. Guzurin matafiyi ne, ba ya daskarewa ya gagari haƙori.

Kabiru Sabon Gari:
To ai sanyin ya kashe duk wata cuta, tunda a daskare ake ci.

Dakta Hadiza:
A'a, Malam Kabiru, don Allah kar a tafi da wannan. Tsutsar trikinela da ke jikin aiviq, wata ƙatuwar dabbar teku mai dogayen haure biyu, da nanuq, farin beyar, irin ta yankin ce da ke jure daskarewa wata da watanni. Waɗannan biyun sai an dafa har ciki. Hantar nanuq kuwa ba a ci sam, sinadarin bitamin A da ke cikinta ya kai guba, kuma mutanen sun san haka tun kafin zuwan asibiti.

Ɗanyen cin yana da amfaninsa. A ƙasar da ba a noma, bitamin C daga maktak da ɗanyar hanta yake zuwa, dahuwa kuma na rage shi. Shi ya sa ciwon zubar jinin dasashi da ya addabi Turawan jirgin ruwa bai dame su ba.

Abin da ya fi damun likitocin Alaska shi ne gubar botulizim, kuma nan ma maganar ɗumi ce. Ƙwayar tana cikin lakar teku da jikin dabbobinsa. Tana son wurin da ba iska, kuma nau'in da ke can yana fara tsiro daga kusan digiri 3. Da can ana tsima abinci a ramin ƙasa mai sanyi da aka shimfiɗa wa ciyawa, ko cikin salkar fata. Da bokitin roba mai murfi, kwalba da leda suka shigo, aka kuma riƙa ajiye su kusa da murhu don a gaggauta, sai aka haɗa mata abu biyun da take so. Gubar ba ta da wari ko ɗanɗanon da zai tona ta. Alamun kan fito cikin awa 12 zuwa 36: gani biyu-biyu, fatar ido ta sauko, baki ya bushe, haɗiya ta gagara, rauni ya gangaro har numfashi. Shawarar hukumomin lafiya ita ce a tsima ƙasa da digiri 3, kar a toshe mazubi, abin da ake shakka kuma a tafasa minti 10 ko a zubar. A garin Kotzebue, ƙungiyar Maniilaq ta samu izinin ba tsofaffin da take kula da su man natchiq bayan an gano cewa ɗumama shi zuwa digiri 80 na minti 10 na kashe gubar.

Injiniya Bashir:
Likita, wannan ya kawo mu kan sigluaq, rumbunsu na ƙarƙashin ƙasa. Ƙasar can saman ta kaɗai ke narkewa da bazararsu, ƙasa da haka a daskare take shekara da shekaru. Sai a haƙa rami kamar rijiya, mita uku ko fiye, a buɗa ɗaki a ƙasa, a sa tsani da murfi, wasu su gina 'yar bukka a kai. Nan ake zuba uati. Naman yana nuna a hankali, ya yi ɗanɗanon da firji ba ya bayarwa.

Abin lura: zafi na ratsa ƙasa ne sannu a hankali, don haka rumbun ya fi ɗumi wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin da waje ya riga ya daskare, ya fi sanyi kuma wajen Maris da Afrilu. Masu kula kan buɗe murfin a tsakiyar hunturu sanyi ya sauka, su rufe ruf da rani. Kafin farauta dole a kwashe tsohon nama a rabar, a kankare jini da mai daga bango, a shimfiɗa sabuwar dusar ƙanƙara. Su a wurinsu agviq ba ta zuwa gidan da rumbunsa ke da datti. Ta fuskar aiki kuma tsohon mai da jini su ne ke kawo fumfuna. Yanzu rumbuna da dama na lalacewa: ruwa na tsattsafowa, bango na zubewa, teku na cin gaɓa. Wani lokaci ɗumamar yanayi ce, wani lokaci gini mai ɗumi ko bututu ne aka kawo kusa, ko tarin dusar ƙanƙara ya lulluɓe bakin ramin ya hana sanyin hunturu shiga. Garin Utqiagvik ba shi da hanyar mota da ta haɗa shi da sauran Alaska duk shekara, kayan kanti sai ta jirgin sama ko jirgin ruwan dakon kaya da rani, saboda haka rasa rumbu guda ba ƙaramar asara ba ce.

Auwalu Ɗanbatta:
Injiniya, ni da na ɗauka a ɗakin ƙanƙara suke kwana.

Injiniya Bashir:
Wancan na Inuit ɗin tsakiyar arewacin Kanada ne. Kalmar iglu da ake kiran ɗakin ƙanƙara da ita, a harshensu gida kawai take nufi. Inupiat kan yi mafakar dusar ƙanƙara idan tafiya ta kama, amma gidan gado rabinsa a cikin ƙasa yake: ginshiƙan itacen da teku ke kawowa da ƙashin agviq, a lulluɓe da curin ƙasa mai ciyawa. Ana shiga ta dogon rami da ya fi daɓen ɗaki zurfi, a ɓullo ta wata kafa a daɓen, katak. Iska mai sanyi nauyi gare ta, sai ta kwanta a ramin. Taga ɗaya a sama da aka rufe da hanjin dabba, da fitilar dutse irin aci-balbal mai lagwanin gansakuka, sun isa ɗaki ya yi ɗumin da za a tuɓe riga. Yau gidajen katako ne a kan ƙafafu, don kar ɗumin gida ya narkar da ƙasa ginin ya nutse. A Utqiagvik rana na faɗuwa wajen 18 ga Nuwamba ba ta sake fitowa sai wajen 23 ga Janairu, sai ɗan hasken kamar na magariba da tsakar rana.

Dakta Hadiza:
Hajiya, ki yi mana bayanin sutura, don gumi na cikin abin da ke kashe mutum a wannan sanyi.

Hajiya Talatu:
Haka ne, Likita. Rigar atigi biyu ake sawa, duk na fatar tuttu: ta ciki gashi na taɓa jiki, ta waje gashi na kallon waje. Gashin tuttu rami gare shi a ciki, yana riƙe iska. Fatar ƙarshen Agusta zuwa Satumba ake so, lokacin gashi bai yi tsawo ba kuma ramukan da tsutsar ƙuda ta huda a bayan dabbar sun warke. Ta hunturu nauyi gare ta, tana zubar da gashi. Ana yanka rigar da faɗi, ba a ɗaure ƙugu sai sanyi ya tsananta. Mai aiki da ya ji ɗumi sai ya ture hular baya, zafi ya fita ta wuya kafin gumi ya jiƙa fata.

Bakin hular ana kewaye shi da gashin qavvik, wata dabbar dawa mai cin nama, a ciki, na kyarkeci a waje. Tururin numfashi na daskarewa a kan kowane gashi, amma a kan na qavvik da an kaɗa sai ya zube. Takalmi kuwa tafinsa fatar ugruk ce da ake tattare gefenta a gaba da dunduniya, da can da haƙori, samansa fatar ƙafar tuttu. Kafin a shiga ɗaki a kakkaɓe rigar da sanda, don dusar da ta shiga da kai narkewa za ta yi. Kuma ba a shanya fata kusa da wuta: takan ƙandare ta fashe. A juya ta ciki waje, a rataye nesa da murhu, da safe a murza tafin takalmin ya yi laushi kafin a sa.

Auwalu Ɗanbatta:
Allah ya saka da alheri, iyayena. Saura ɗaya, Hajiya: idan ɗinkin jirgi ya ɓalle ana kan ruwa fa?

Hajiya Talatu:
Ana tafiya da allura, zaren jijiya da guntun fata a cikin kayan jirgi. Ƙaramar huda a cusa mata guntun kitse har a kai bakin ƙanƙara, a jawo jirgin a kife shi, a yi faci da irin ɗinkin nan na rabin kauri tun fatar na jiƙe.